Wa Ya Aike Ka?

Mu mutanen Unguwar Hajji ba a yi mana gaggawa wajen sayen rago. Mutum zai shiga kara tun hantsi, ya buɗe bakin wannan ya duba haƙora, ya matsa ƙugun wancan, ya taya, ya tafi, ya dawo, ya kira ƙaninsa a waya ya zo ya gani, sai la'asar sakaliya ya ja wanda ya fara tayawa da safe. Ragon da jibi za a yanka ke nan. Matanmu kuwa in maganar anko ta tashi, sai a kwana uku ana musu a kan ruwan goro ko ruwan ganye. Amma a zo batun sana'ar da yaro zai ci abinci da ita har tsufa, ko mijin da yarinya za ta zauna da shi iya rayuwarta, sai ka ji an gama a zaure tsakanin magariba da lisha, mai abin yana can bai ma san an zauna ba. In an kira shi an faɗa masa, amsar da muka koya masa tun yana ƙarami ɗaya ce: "Duk yadda kuka yi daidai ne, Baba."

Wannan musu ba ya ƙarewa a teburin mai shayi da gindin masu dara. Dattawa su ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Samari su ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu, rimin ma an sare an yi katako, yanzu waya muke hawa." A yi dariya, a ƙaro shayi, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Tun ranar suna muke fara rabon. Wanzami bai gama aski ba, wata goggo ta riga ta karɓi jaririya ta ɗaga sama ta ce, "Na yi wa ɗana kamu, kowa ya shaida." A yi guɗa, a ce wasa ne. Shekara goma sha biyar a gaba kuwa sai ka ga goggon nan ta zo da shaidunta, ba wanda ya manta ko kalma ɗaya. Namiji kuwa duba goshinsa ake yi a yanke masa: wannan malami ne, wannan idonsa na 'yan kasuwa ne, wannan kukansa ma na soja ne. Yaro bai san hagu da dama ba, an riga an raba masa ofis.

Da can ma ba a wahalar da kai da duban goshi, gidan da aka haife ka shi ne takardarka. Ɗan maƙeri yana zuga tun kafin ya iya ɗaura wando, ɗan mahauci ya san haƙarƙari da cinya kafin ya kai izu biyu, ɗan wanzami yana riƙe da zabira a bayan ubansa gida gida. Kuma kada a raina wannan tsari, don yana da abin da boko har yau bai ba mu ba. Wanda ya gaji sana'a ya gaji kayan aiki, ya gaji masu saye, ya gaji sirrin da ba a faɗa wa bare, bai biya ko kwabo na koyo ba. Ba a taɓa jin ɗan maƙeri yana yawo da takardu a jaka yana neman aiki ba. Inda gizo yake saƙa shi ne, sana'ar ma tana tsufa. Kaciya ta koma asibiti, aski ya koma shago mai janareto, marina da yawa sun zama juji. Uban da ya ce lallai sai ɗansa ya gaje shi, wani lokaci zabira ce kawai zai bar masa, masu kira sun tafi.

In musu ya kai nan, kowa sai ya jawo gwaninsa. Masu cewa kyan ɗa ya gaji ubansa su kawo Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, ɗan gidan Agalawa, wanda ya bi hanyar fataucin goro ta iyayensa har ƙasar Gwanja, ya dawo Kano ya riƙe cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Su ƙara da cewa Aliko Ɗangote ma ta wajen uwa jinin gidan ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Samari kuma su ce to Shata fa? Alhaji Mamman Shata na Musawa ba ɗan gidan maroƙa ba ne, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, ya gwada talla ya bari, ya bi kalangu. Kafin ya rasu a 1999 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, kuma yau ba wata tashar mota a ƙasar Hausa da ba a jin muryarsa. Duka gaskiya ne. Sai dai mu waɗanda suka ci muke kirgawa. Ba wanda ke kawo sunan wanda ya bi gado ya mutu da bashi, ko wanda ya bijire wa ubansa ya ƙare a bakin tasha yana kiran fasinja. Su ne suka fi yawa, kuma wasunsu suna zaune a kan bencin da ake musun.

Sai boko ya zo ya ce shi ya kawo 'yanci: yaro ya cike takarda da hannunsa, ya rubuta abin da yake son zama. Mu je mu ga yadda muke cikewa. Yaro ya gama sakandare, an sayar da buhun masara an ba shi kuɗin JAMB, ya hau mota zuwa inda ake rajista. Uba ya ce likita, don ya gaji da biyan kuɗin magani. Uwa ta ce ko ma mene ne, kada dai ya yi nisa. Yayansa da ke Abuja ya bugo waya ya ce kwamfuta, ita ce duniya. Ya isa gaban mai rajista, layi ya yi tsawo, wuta na shirin ɗaukewa, mai rajista ya ce, "Kai, wannan kwas ɗin ya cika, bari in sa maka wani." Ya ce to. Jarrabawa maki 400 ce, ya samo abin da ya samo. Wanda ya nemi likitanci a Jami'ar Bayero sai ya ga sunansa a ilmin tsirrai, wanda ya nemi lauya ya ga tarihi. Tun 2017 hukumar ta kawo tsarin da ɗalibi zai danna ya karɓi gurbin da aka ba shi ko ya ƙi. Ka nuna mini ɗan unguwar nan da ya taɓa danna ƙi. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, in ji mu, a danna karɓa, a yi hamdala. In ya gama, hukumar bautar ƙasa ta jefa shi jihar da sai ya tambayi direba a ina take. Ya dawo da kaki da takarda, ya tarar da garmar ubansa tana jiransa a inda ya bar ta.

Duk waɗannan ƙanana ne in an zo kan aure. A nan ne muke nuna ko mu su wane ne. Akwai "na ba ka" da ake yi bayan sallar asuba tsakanin aminai biyu. Akwai auren zumunci, tuwona maina, wanda ake cewa dukiya ba za ta fita waje ba, in an yi faɗa kuma a sasanta a cikin gida. Akwai na sadaka, a ɗauki yarinya a kai wa malami ko almajirin kirki. Kuma masu yi ba su rasa hujja. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya yi Risala ya ji cewa a mazhabar Malikiyya uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa. Amma a zauren nan dai ake karanta hadisin da ya ce a nemi izinin budurwa, shirunta shi ne yardarta, da labarin Khansa'u 'yar Khidamu, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara wajen Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Mu dai na farko muka fi haddacewa. Na biyu kuwa mun yi masa fassarar da ta yi mana daɗi: yarinya ta sunkuyar da kai tana hawaye har gyale ya jiƙe, a fito a ce, "Ta yi shiru, alhamdu lillahi." Shirun kunya daban, shirun tsoro daban, kuma ba uwar da ba ta san bambancinsu ba.

Ba yau aka fara kuka da wannan ba. Tun 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka ba tsoho. Bayanta kaɗan Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna. Iyayenmu mata da ke cewa yau yara sun lalace, su ne suka riƙa ɓoye littattafan nan a ƙarƙashin katifa suna karantawa da aci-balbal. Ka tuna wa Inna haka, ta ce, "Kai, tashi ka ba ni wuri, mu karantawa kawai muka yi, ba mu aikata ba."

To, su masu zaɓa da kansu fa, sun tsira? Ina fa. Yarinya ta haɗu da saurayi a waya, murya kamar ta mai gabatar da shiri a rediyo, hotonsa a jingine da motar da ba tasa ba. Ta ce shi ko rijiya. Kawunta ya je bincike ya dawo ya ce ba a san shi da sana'a ba, kuma ya saki biyu. Ta ce hassada ce. Wata shida da tarewa an sayar da gado da katifa. Saurayi ma haka: ya ga fari da dogon hanci a wajen biki, bai tambayi gidansu ba, bai tambayi halin uwarta ba, ya ci bashin lefe. Binciken da dattawa ke yi ba shirme ba ne. Su sun san wanda kakansa ya yi hauka, sun san gidan da ba a zama, sun san wanda in ya yi fushi hannunsa ke riga bakinsa. Ido mai so ba ya ganin waɗannan.

Yanzu ma wani mai magana ya ƙaru a zaure, ba uba ba ne, ba kawu ba. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da gwajin jini na gano sikila. In namiji AS ne mace ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Goggon da ta yi kamu tun ranar suna da masoyan da suka yi rantsuwa a waya, duk takarda ɗaya ce daga asibiti take iya tsayar da su. Hatta auren gata da Hukumar Hisba ke ɗaurawa, wanda aka fara da ma'aurata 100 a 2012 har ya kai 1,800 a 2023, sai an yi gwajin, kuma sai an ji daga bakin ango da amarya. Abin da hukuma ba ta yarda ta tsallake ba, mu a gida muna ganin tambayar ma raini ce.

Wani dattijo a majalisa yakan ce duk surutu muke yi, talaka ina ya ga zaɓi? Kuma in ya fara lissafi sai ka rasa bakin musu. Da aka kammala madatsar ruwan Challawa a nan ƙasar Karaye a 1992, garuruwa sun tashi, gonaki sun nutse, an sake wa mutane matsuguni. Jikan manomin dawa ya wayi gari da koma da kwalekwale, wani ya koma noman rani, ba don ya taɓa mafarkin haka ba. A 2019, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, muka kwana a masarautar Kano muka tashi a masarautar Karaye mai sarkin yanka. A watan Mayun 2024, zamanin Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka rushe. Bayan wata biyu aka dawo da ita a mataki na biyu, da Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. Duk a rediyo muka ji. Yaranmu da suka zaɓi acaɓa a birnin Kano, a farkon 2013 aka hana. Suka gangara Legas, a 2022 can ma aka hana a manyan unguwanni. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, mai injin ban ruwa da ya gama lissafin tumatirinsa ya sake sabon lissafi. "To," in ji dattijon, "wanne daga ciki aka tambaye ku?"

Ba a tambaye mu ba, Baba, gaskiyarka. Amma ai shi ya sa ɗan abin da ya rage a hannunmu bai kamata mu ƙwace wa junanmu ba. Ruwan sama ba namu ba ne, farashin taki ba namu ba ne, gwamnati ba ta shawara da mu. Abin da ya saura shi ne wa zan aura, me zan koya, in zauna ko in tafi ci-rani. In shi ma an gama shi a zaure ba da mai shi ba, me ya rage masa ban da numfashi?

Ga abin da ba mu cika faɗa da ƙarfi ba. Ba hana zaɓi ne babban makaminmu ba, don yaran yanzu ba sa hanuwa. Makaminmu yana zuwa ne daga baya, ranar da abu ya lalace. Yarinyar da aka yi wa zaɓi in ta yi yaji, gidan ubanta a buɗe yake. Kawu zai sa babbar riga ya je ya yi faɗa, a zo biko da goro, in ta kai ga kotu a yi hul'i, dangi su haɗa sadakin a mayar. Don kowa ya san da hannunsa a ciki. Wadda ta kawo nata kuwa, in ta dawo da kumburarren ido, tun daga soro za ta fara ji: "Ba ke kika ce shi kike so ba? Koma ki yi haƙuri." Yaron da uba ya sa a shagon ɗan'uwa in ya karye, a ce ƙaddara ce, a haɗa masa wani jarin. Wanda ya sayar da ɗan maraƙinsa ya bi hanyar Agadas ko ya tafi Fatakwal da kansa, in ya dawo da leda ɗaya a hannu, gaisuwar da zai samu ita ce, "Wa ya aike ka?" Ƙaddara ɗaya ce ta same su, amma ɗaya mun kira tasa jarrabawa, ɗaya mun kira tasa taurin kai.

Yara kuwa suna kallo, kuma sun iya lissafi. Da yawa daga masu cewa "duk yadda kuka yi daidai ne" ba biyayya ce zalla ba, wuri suke kamawa tun da wuri, don in ta ɓaci su sami inda za su fake da wanda za su ɗora wa. Mu ma iyaye mun san haka, muna jin daɗinsa. Sai a wayi gari mutum ya shekara arba'in, da 'ya'ya shida, bai taɓa yanke shawara ɗaya da za a ce tasa ce ba, ranar da mahaifinsa ya kwanta dama ya rasa wanda zai tambaya ko ya shuka waken suya ko masara. Mu kuma mu ce yaran zamani ba su da kai. Yaushe muka bar su suka gwada shi?

Hatta istihara mun san yadda muke yi mata. An koyar da ita don mai al'amari ya yi raka'a biyu da kansa, ya roƙi Allah ya zaɓa masa mafi alheri, bayan ya yi tunani ya yi shawara. Mu sai mun gama yanke magana, an sa rana, an kai kuɗin gaisuwa, sannan a aika wa malam da ɗan abin sadaka a ce ya duba mana. Malam ya ga an riga an sayi akwati, me zai ce? Ya ce akwai haske. Addu'ar "Allah ya zaɓa mana mafi alheri" ba ta taɓa nufin Kawu ya zaɓa ba, kuma ba ta nufin a naɗe hannu. Wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure sannan ya dogara.

Saboda haka in ka tambaye ni wanne ya fi, ni dai ga inda na tsaya. Wanda zai kwana a ɗakin, wanda zai tashi da asuba ya tafi sana'ar shekara talatin, maganar ƙarshe tasa ce. A kira shi zauren, a kira ta, a tambaya, a jira har a ji amsa da baki, ko da ta bakin kakarta ce ko ƙanwar uwa in kunya ta hana. Aikin manya kuma bai ragu ba, ƙaruwa ya yi: su yi bincike, su faɗi abin da suka gano ba ɓoye ba ƙari, su ce a'a da hujja in ta kama, su raka asibiti gwaji. In an yi duk wannan abu ya zo ya ɓaci, a sa babbar rigar nan a je, ko wa ya zaɓa. Yaron da ya san in ya faɗi za a ɗaga shi, shi ne yake zuwa neman shawara da ƙafarsa. Wanda ya san gori ke jiransa kuwa, sai dai ka ji labari a gari.

Da aka kai nan a majalisa, wani kawunmu mai 'yan mata huɗu a gida ya shafa gemu ya ce maganar ta shige shi, wallahi tsari ne mai kyau, kuma yana goyon baya ɗari bisa ɗari. Sai dai yana roƙon arziki a fara gwadawa da 'ya'yan maƙwabta tukuna, in ya ga yadda ta kaya nan da shekara biyar zai yi shawara.